Mene ne "wariya a fakaice"? Rigimar shiga makarantar Thomas Jefferson

A gundumar Fairfax ta jihar Bajiniya a Amurka akwai wata sakandaren gwamnati ta kimiyya da fasaha mai suna Thomas Jefferson, mutanen yankin TJ kawai suke ce mata. Karatu a cikinta kyauta ne, samun gurbin ne jidali, don an sha sa ta a ta ɗaya cikin sakandaren ƙasar baki ɗaya. Kusan shekara 3 aka kwashe ana fafatawa a kotu kan yadda take ɗaukar ɗalibai, kuma duk rigimar a kan tambaya ɗaya ta tsaya: shin ƙa'idar da ba ta ambaci launin kowa ko asalinsa ba za ta iya zama wariya?

Wariya ƙiri-ƙiri ba ta da wuyar ganewa, tunda a rubuce take: ɗan ƙabila kaza ba ya shiga, ko kuma makinsa daban. Mu a Najeriya mun san irin wannan, domin makin shiga sakandaren gwamnatin tarayya ya danganta da jihar da yaro ya fito, har lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce a 2014 tsarin ya saɓa wa kundin mulki. Wariya a fakaice ita ce a rubuta ƙa'ida da sunan kowa da kowa, amma idan ta sauka ƙasa sai ka ga kan wasu mutane takamaimai take faɗawa.

Tsohon misalinta a Amurka na masu wanki da guga ne. Birnin San Francisco ya ce duk mai shagon wanki a ginin katako sai ya nemi izini. Babu inda aka rubuta ɗan Sin. Amma da aka zo ba da izinin, 'yan Sin wajen 200 aka hana, sauran masu nema kuma kusan duk aka ba su. A 1886 Kotun Ƙoli ta ce wannan wariya ce, komai kyan rubutun dokar.

Sai dai ba kullum abin yake fitowa fili haka ba. Kusan kowace ƙa'ida tana yi wa wasu daɗi fiye da wasu: jarrabawa, kuɗin fom, nisan gida da makaranta. Da a ce bambancin sakamako kaɗai ya isa hujja, da kotu ba ta huta ba. Shi ya sa a 1976, a wata shari'a kan jarrabawar ɗaukar 'yan sanda a birnin Washington, Kotun Ƙoli ta ce mai ƙarar wariya a ƙarƙashin kundin mulki sai ya kawo abu biyu: tasiri, da kuma niyya. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, tun a makarantar allo aka koya masa cewa aiki da niyya yake tafiya. Matsalar ita ce alƙali ba ya ganin zuciya. Don haka a 1977 kotun ta faɗi inda za a nemi sawun niyya: tarihin wurin, abubuwan da suka faru gab da yanke shawara, ko an tsallake matakan da aka saba bi, da abin da masu yanke shawarar suka furta da bakinsu. A 1979 ta ƙara ɗaure zancen: sanin cewa ƙa'ida za ta taɓa wasu bai isa ba, sai an nuna an yi ta ne don ta taɓa su.

To, me ya faru a TJ? Kafin ƙarshen 2020 yaro zai biya dala 100, ya zauna jarrabawa mai tsauri. 'Yan tsirarun makarantu ne ke kwashe mafi yawan gurabe, ga kuma masu ba da darasin share fage da sai mai hali ke iya biya. A zangon ƙarshe na wannan tsari kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka 'yan asalin Asiya ne, baƙaƙen fata kuwa ba su kai 10 ba, ba kashi 10 ba, yara 10. Alƙaluman sun fito a daidai lokacin da ƙasar ke tafasa bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a 2020. Kafin shekarar ta ƙare hukumar makarantun gundumar ta soke jarrabawar da kuɗin fom, ta ware wa kowace ƙaramar sakandare gurabe daidai da kashi 1.5 cikin 100 na 'yan ajinta na ƙarshe, ta ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka zuwa 550. An kuma tanadi ƙarin maki ga ɗan gidan talakawa, da wanda yake kan koyon Turanci, da mai buƙata ta musamman. Masu tantancewa ba a nuna musu sunan yaro, ko launinsa, ko mace ne ko namiji.

A zango na gaba 'yan asalin Asiya suka sauko zuwa kashi 54. Baƙaƙe suka kai kashi 7, 'yan asalin Latin Amurka suka tashi daga 3 zuwa 11, Turawa ma suka ɗan ƙaru zuwa 22. 'Ya'yan talakawa da a da ba su cika kashi 1 ba suka zama kashi 25.

Wata ƙungiyar iyaye, da yawansu baƙin haure ne da suka zo daga Indiya da Sin da Koriya, ta shigar da ƙara a watan Maris na 2021. Hujjarsu ita ce rukuni ɗaya tak aka rage, kuma da gangan. Sun kawo saƙonnin waya na wasu 'yan hukumar, inda ɗaya take cewa akwai ƙamshin ƙin 'yan Asiya a cikin lamarin. A Fabrairun 2022 alƙali Claude Hilton ya ba su gaskiya. A Mayun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa, alƙalai 2 suka rinjayi 1.

A nan ne kalmar ta nuna inda take da santsi. Kowa ya yarda sai an auna tasiri, amma da wane mudu? Hilton ya kwatanta bana da bara: 73 ya koma 54, an yi ɓarna. Alƙali Robert King na kotun ɗaukaka ƙara ya kwatanta masu nema da waɗanda aka ɗauka: 'yan asalin Asiya kusan kashi 49 ne na masu nema, suka samu 54, ina cutarwar? Mudu biyu, hatsi ɗaya, lissafi ya bambanta. Kowanne kuma da raminsa. Idan bara ce ma'auni, to duk wanda ya fi cin moriyar tsohon tsari ya mallaki kasonsa har abada, ba mai iya gyara komai. Idan kuma kason masu nema ne ma'auni, hukuma za ta iya yi wa wani rukuni aski da gayya, matuƙar ba ta sauke shi ƙasa da kasonsa ba. Wannan na biyun shi ne ƙorafin alƙaliya Allison Rushing da ta ƙi yarda da hukuncin.

Ni a ganina King ya fi gaskiya a kan niyya fiye da kan tasiri. Kashi 19 da ya zube ba abin da za a ce bai faru ba ne, akwai yaran da suka sha karatu da dare suka rasa gurbi. Amma hukumar da ke son ɗan lungun talakawa ya samu shiga ba lallai ce tana ƙin ɗan Asiya ba, tunda cikin 'ya'yan talakawan da suka amfana har da 'yan Asiya. Saƙon waya na mutum ɗaya ko biyu bai kai a jingina shi ga hukuma mai mutum 12 ba.

Wata guda bayan wannan hukunci, a Yunin 2023, Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, a shari'ar jami'ar Harvard, har ta ja kunne cewa abin da aka hana ta ƙofa kada a shigo da shi ta taga. Mutane da dama suka ɗauka TJ ce ta gaba. Sai ga shi ranar 20 ga Fabrairun 2024 kotun ta ƙi karɓar ƙarar, alƙalai Samuel Alito da Clarence Thomas kaɗai suka bayyana rashin amincewa. A Disamban shekarar ta sake ƙin karɓar makamanciyarta daga Boston, inda aka raba guraben fitattun sakandare bisa unguwanni. Ƙin sauraron ƙara ba goyon baya ba ne a dokar Amurka. Hukuncin King yana aiki ne a jihohi 5 da ke ƙarƙashin kotunsa kawai, alƙalin wani yanki kuma yana da damar ɗauko ɗaya mudun.