"Hukuncin kisa" a ƙwallon jami'o'in Amurka: dokar da ta durƙusar da SMU da dokokin da suka tashe ta

A ranar 25 ga Fabrairun 1987, wani jami'in NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, mai suna David Berst ya tsaya gaban 'yan jarida a birnin Dallas na jihar Texas, ya karanta hukuncin da aka yanke wa ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Southern Methodist, wadda aka fi sani da SMU. Bai daɗe da gamawa ba ya yanke jiki ya faɗi. Abin da ya karanta shi ne an soke wa ƙungiyar kakar wasa ɗungurungum, ba za ta buga ko da wasa ɗaya ba a 1987. Tun daga ranar har yau ba a sake yi wa ƙungiyar ƙwallon wata babbar jami'a irin wannan hukunci ba.

Ƙwallon da ake magana a nan ba tamaula ba ce. Ƙwallon Amurkawa ce mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. A can jami'o'i suna da ƙungiyoyin da filayen wasu daga cikinsu ke cin mutum sama da dubu 100, gidajen talabijin kuma suna zuba maƙudan kuɗi don nuna wasanninsu.

NCAA ba hukumar gwamnati ba ce. Jami'o'i da kwalejoji fiye da 1,000 ne suka haɗu a cikinta, su ke rubuta dokokinta, su kuma suka yarda a hukunta su da su. Ba ta ɗaure kowa. Ƙarfinta shi ne ta hana ka wasa, ta hana a nuna ka a talabijin, ko ta rage maka guraben karatu kyauta da kake jawo 'yan wasa da su. Ginshiƙin dokokinta a wancan zamani shi ne ɗan wasa ɗalibi ne, ba ma'aikaci ba. Za a biya masa kuɗin makaranta, da ɗakin kwana, da abinci, da littattafai. Ko sisin kwabo aka ƙara masa a kan haka, an taka doka.

Dokar da 'yan jarida suka raɗa wa suna "hukuncin kisa", a takarda sunanta dokar mai maimaita laifi, an amince da ita ne a 1985. Ga yadda take. Idan aka kama jami'a da babban laifi aka hukunta ta, sai ta shiga wa'adin shekara 5. In ta sake wani babban laifin a cikin wannan wa'adi, ko da a wani wasa daban ne, kwamitin ladabtarwa yana da ikon rufe wasan da aka yi sabon laifin a cikinsa na kaka ɗaya ko biyu. Yana iya hana ta ba da sababbin guraben karatu kyauta da zawarcin 'yan wasa har shekara 2, ya kuma raba ta da ƙuri'arta a hukumar na shekara 4. A lura, dokar ba ta ce dole a rufe ba. Cewa ta yi ana iya rufewa, idan kwamitin ya ga laifin ya kai. Wannan ƙofa da aka bari ita ce ta sa jami'o'i da dama suka cika sharuɗɗan hukuncin daga baya amma suka tsira.

SMU ƙaramar jami'a ce mai zaman kanta, amma a farkon shekarun 1980 tana cikin zakarun ƙasar. Da Eric Dickerson da Craig James a fili, ta gama kakar 1982 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta zo ta biyu a jerin gwanayen Amurka. Sirrin da kowa a Dallas ya sani shi ne attajiran magoya bayanta, galibi tsofaffin ɗalibai masu harkar mai da gidaje, suna ba 'yan wasa kuɗi ta bayan fage. An sha kama ta ana jan kunnenta. A watan Agustan 1985 aka ɗora mata wa'adin sa ido na shekara 3, shugabanninta suka yi alkawarin an daina.

Ba a daina ba. A Nuwamban 1986 gidan talabijin na WFAA ya nuna hira da wani tsohon ɗan wasa, David Stanley, wanda ya ce an ba shi dala dubu 25 don ya zaɓi SMU, ana kuma biyan sa wata-wata. Suka nuna ambulan da aka aika wa iyalinsa, da tambarin jami'ar a jiki, da hatimin gidan waya mai kwanan watan da ya biyo bayan alkawarin. Bincike ya gano 'yan wasa 13 sun karɓi dala dubu 61, daga mai karɓar dala 50 a wata zuwa mai karɓar 725. A Maris na 1987 gwamnan Texas da kansa, Bill Clements, wanda ya shugabanci majalisar gudanarwar jami'ar, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan, da hujjar cewa an riga an yi wa yaran alkawari, za a janye ne sannu a hankali.

Hukuncin ya wuce soke kakar 1987. An ce a 1988 wasa 7 kawai za ta buga, dukkansu a waje. An ƙwace mata guraben karatu 55 cikin shekara 4, an rage mataimakan koci daga 9 zuwa 5. Sannan aka ba 'yan wasanta damar komawa wasu jami'o'i su fara wasa nan take, alhali a ƙa'idar lokacin duk wanda ya sauya jami'a sai ya zauna shekara ɗaya bai buga ba. Wannan saɗara ta ƙarshe ita ce ta kwashe gidan. Masu zawarci daga ko'ina suka yi dafifi a harabar makarantar, kafin a ankara ƙwararru sun watse. Da jami'ar ta ga ba ta da mutanen da za ta fitar, sai ta soke kakar 1988 da kanta.

A takarda hukuncin shekara ɗaya ne. A fili ya ci shekara 20. Da suka dawo a 1989 ƙarƙashin koci Forrest Gregg, yawancin 'yan wasan sababbin shiga ne, ƙananan jiki, aka tura su karo da ƙarti. Jami'ar Houston ta lallasa su da maki 95 da 21. Yaran nan suna makarantar sakandare lokacin da ake rabon ambulan, amma jikinsu ne ya biya bashin, kuma wannan ne ya fi ci mini rai game da dokar: attajirin da ya ba da kuɗin an dai nisanta shi daga harkar wasannin jami'ar, ya koma ofishinsa, yaro ɗan shekara 18 ya sha duka a gaban jama'a.

Abin da ya tsawaita wahalar kuwa ba ya cikin takardar hukunci. A 1996 gamayyar jami'o'in da SMU ke ciki, Southwest Conference, ta wargaje. Texas da Texas A&M da Texas Tech da Baylor suka shiga sabuwar gamayya mai kuɗi, Big 12, aka bar SMU a baya saboda ba ta da abin da za ta kai kasuwa. A wannan wasa gamayyar da kake ciki ita ce ke yanke nawa za ka samu daga talabijin, kuɗin talabijin ke gina wuraren atisaye da biyan koci, su kuma ke jawo yara masu hazaƙa. Wanda ya faɗo daga wannan da'ira, hawa yana yi masa wuya. Cikin shekara 20 bayan dawowa, kaka ɗaya ce kacal, ta 1997, nasarorinta suka fi rashin nasara yawa. Sai a 2009 ta sake zuwa wasan bajinta na ƙarshen kaka, a Hawaii, na farko tun 1984.

Jami'o'i sun ga abin da ya faru, kwamitin ma ya gani. Da aka hukunta Jami'ar Southern California (USC) a 2010, an tsaya ne a hana ta wasannin ƙarshen kaka na shekara 2 da ƙwace gurabe 30. Penn State a 2012 an ci ta tarar dala miliyan 60, amma ba a rufe filinta ba.

Tashin SMU ya zo ne da dokoki suka juya. A 2018 aka buɗe rumbun sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke sa sunansa kowace jami'a ta gani, a 2021 kuma aka cire zaman shekara ɗaya ga mai sauyin farko. Ƙa'idar da ta kwashe 'yan wasan SMU a 1987 sai ta zama hanyar dawo mata da 'yan asalin Dallas da suka tafi manyan jami'o'i ba su samu wuri ba. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su 9 suka yanke hukunci baki ɗaya a shari'ar Alston, wadda 'yan wasa suka kai NCAA ƙara, cewa NCAA ba ta fi ƙarfin dokar hana kane-kane a kasuwa ba. Daga 1 ga Yulin shekarar aka halatta wa ɗan wasa ya samu kuɗi da sunansa da hotonsa, ta hanyar talla da makamantansu. Attajiran Dallas suka samu halastacciyar ƙofa.

Da kuɗin nan ne kuma aka sayi kujera a babban zaure. Don ACC, ɗaya daga cikin manyan gamayyoyi, ta karɓe ta a 2024, SMU ta yarda ta haƙura da kasonta na kuɗin talabijin har shekara 9, magoya baya suka tara dala miliyan 100 cikin mako ɗaya don cike giɓin. Ƙarƙashin koci Rhett Lashlee ta lashe kofin gamayyar American, wadda take ciki kafin ACC, a 2023, kofinta na farko tun 1984. A kakarta ta farko a ACC ta cinye wasanninta 8 na gamayya, Clemson ta doke ta da ƙyar a wasan ƙarshe da maki 34 da 31, amma duk da haka ta shiga cikin ƙungiyoyi 12 da suka fafata neman kofin ƙasa. Penn State ta fitar da ita da maki 38 da 10.

A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sasanton shari'ar House, wata ƙara da 'yan wasa suka shigar kan NCAA da manyan gamayyoyi. Yanzu jami'a da kanta tana iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, za a kuma biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10. Wannan bai nufin an saki kowa sakaka ba. Akwai iyakar da jami'a ba za ta wuce ba, kuma duk yarjejeniyar talla da ta kai dala 600 tsakanin ɗan wasa da wani na waje sai an kai rahotonta, a duba ko ciniki ne na gaskiya ko albashi ne aka lulluɓe. Sabuwar hukuma da manyan gamayyoyi suka kafa ce ke wannan duba, ba ofishin NCAA da David Berst ya riƙe ba.