Bayyana Sabon Nau'in Tsiro

Bayyana sabon nau'in tsiro aiki ne na masana tsirrai, inda suke rubuta siffofin tsiron da kimiyya ba ta taɓa yi wa rajista ba, su raɗa masa suna, su wallafa. Kowace shekara ana bayyana kimanin nau'i 2,000, akasarinsu daga dazuzzukan ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama. Sau tari mutanen wurin sun daɗe da sanin tsiron, har suna magani da shi.

Daga daji ake farawa. Akan yanko reshe mai ganye da fure, in an dace har da 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako, a ɗaure tamau. A wuri mai danshi irin Legas dole a riƙa sauya takardun ko a busar da zafi, in ba haka ba fumfuna ta cinye shi. Tun a wurin ake rubuta rana da wuri da tsayin bishiyar da ƙanshi da launin furen, domin da zarar ya bushe launin ya tafi. Daga nan sai a manna shi a kan farar takarda mai kauri, a kai shi ma'adanar busassun tsirrai, irin ta Jami'ar Legas da ke Akoka, ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

Wahalar tana wajen kwatantawa. Sai masani ya tabbatar babu wanda ya riga shi, ya gwada samfurinsa da na danginsa ɗaya bayan ɗaya: yawan fatun fure, jijiyoyin ganye, gashin bayansa, yanayin ƙwaya. A yau akan haɗa da gwajin ƙwayoyin halitta. 'Yan goron Agege sun san irin wannan ido: goron da aka saba ci, Cola nitida, gida biyu yake rabuwa in an fasa, amma wanda Yarbawa ke kira abata, Cola acuminata, yakan rabu uku ko fiye. Aikin na cin lokaci ƙwarai. Wani bincike na 2010 ya nuna kashi 16 cikin ɗari ne kawai na sababbin nau'o'i aka bayyana cikin shekara biyar da tsinko su. Sauran sun yi ta zama a ma'adana, wasu shekaru gommai.

Sunan kalma biyu ne cikin sigar Latin, tsarin da ya kafu da aikin masanin tsirrai ɗan Sweden, Carl Linnaeus, na 1753: ta farko ta dangi, ta biyu ta nau'in. Ɗorawa, misali, ita ce Parkia biglobosa; an sa Parkia ne don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya yi binciken kogin Neja. Tun 1958 suna ba ya inganta sai an ayyana samfurin asali da za a riƙa komawa gare shi. Daga 1935 zuwa 2011 da Latin kaɗai ake rubuta bayanin; daga 2012 aka yarda da Ingilishi, da kuma wallafawa ta intanet.

A 2022 masanan lambun Kew na Ingila da takwarorinsu na Kamaru sun bayyana Uvariopsis dicaprio daga dajin Ebo, 'yar bishiya 'yar'uwar gwandar daji, wadda furanninta ke fitowa a jikin gangarta. An sa mata sunan ɗan wasan fim na Amurka, Leonardo DiCaprio, saboda goyon bayan da ya bayar wajen hana sare dajin, kuma tun a lokacin an ƙiyasta tana dab da ƙarewa.

Nan amfanin aikin yake, don tsiron da ba shi da suna ba ya shiga jerin waɗanda ake karewa. Abin damuwa ne a Legas, inda ake cike fadamu da yashi ana gina gidaje tun kafin a gama tantance abin da ke cikinsu. Cikin ɗan abin da ya tsira akwai gandun Lekki mai hekta 78, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990.