Waiwaye: Gigin Tsufa da Shingen da ke Tare Magani a Ƙwaƙwalwa

A Damagaram, idan tsohuwa ta tambayi jikanta sunansa, can an jima ta sake tambaya, sai a ce gigin tsufa ne, a ƙyale ta. Likitoci kuwa sun haura shekara ɗari suna fama da ciwon, kuma ɗaya daga cikin manyan wahalhalunsu ita ce hanyar da magani zai bi ya isa ƙwaƙwalwa.

A 1885 Bajamushe Paul Ehrlich ya yi wa dabba allurar rini a jini. Gaɓoɓi suka rine, ƙwaƙwalwa ta fito fes. Ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913, ya zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa, sai ita kaɗai ta rine. Sai 1967 madubin lantarki ya nuna dalili: bangon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a manne yake gam, yana tantance mai shiga kamar dogaran ƙofar fada.

Mu nan ta wajen sanƙarau muka san shingen. Kumburinsa yana sassauta bangon, shi ya sa allurar ceftriaxone ke samun shiga sosai. Kumburin Alzheimer kuwa, ciwon da ya fi jawo gigin tsufa, a ɓoye yake ci, shekara da shekaru, kuma ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwa da ake kira microglia na cikin masu rura shi.

Wajen 1990 an lura masu ciwon gaɓoɓi da ke shan maganin kumburi ba su cika kamuwa da Alzheimer ba. Murna ta koma ciki, domin babban gwajin magungunan kumburi naproxen da celecoxib da aka dakatar a Amurka a 2004 bai nuna kariya ba. Wanda ke sayo wa kakarsa ibuprofen wurin mai tebur da wannan niyya, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake nemo mata.

Masu ciwon karkarwa na Parkinson sun ɗan fi sa'a: dopamine, sinadarin da ke ƙaranci a ƙwaƙwalwarsu, ba ya ƙetare shingen, maganin levodopa kuwa yana ƙetarewa, can ciki ya rikiɗa ya zama dopamine.

Maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 yana rage saurin Alzheimer kaɗan, amma ɗan ƙanƙani ne daga cikinsa ke isa ƙwaƙwalwa, kuma shi kansa yakan kumbura ta, dole a riƙa bin majiyyaci da hoton MRI. Ga talakanmu wannan da sauran tafiya. A Toronto, a 2018, likitoci sun ba da rahoton buɗe shingen a jikin masu Alzheimer da igiyar sauti da ƙananan kumfa a jini, kuma ya rufe kansa cikin kwana guda.