Tashi da Ido a Lokacin Hazo: Amsoshi ga Masu Koyon Tuƙin Jirgin Sama

Aji nawa aka kasa sararin samaniya?

Bakwai ne, daga A zuwa G, bisa tsarin ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya. Daga A zuwa E yana ƙarƙashin ikon masu kula da zirga-zirgar jirage, a F shawara suke bayarwa, a G kuwa bayani kawai. Wannan darasin farko ne, bai kamata a riƙa maimaita tambayarsa ba.

Zan iya shiga ajin A da dokar VFR, wato ta tashi da ido?

A'a. Ajin A na masu dogara da na'ura ne kaɗai, wato IFR.

An ce ana hangen kilomita 5, amma hazo ya sauko. In tashi?

A takarda dai ka cika sharaɗi, domin ƙasa da ƙafa 10,000 doka tana neman hangen kilomita 5, da nisan mita 1,500 daga gajimare ta gefe, da ƙafa 1,000 ta sama ko ƙasa. Sai dai a ƙasa aka auna adadin da aka ba ka, kuma ƙurar hunturu da ke rufe Kano da Zariya tana iya fin haka kauri bayan ka ɗaga, musamman idan ka fuskanci rana da hantsi ko da yamma, har ka kasa bambance inda ƙasa ta ƙare da inda sama ta fara. Idan hangen ya ragu, hasumiyar kula da jirage tana iya ba ka izinin VFR na musamman a cikin yankinta matuƙar bai gaza mita 1,500 ba, amma izinin bai ce za ka iya ba, kuma makarantarka tana iya hana ka ko da hasumiya ta yarda. A ganina, ɗalibin da bai ƙware da na'ura ba gara ya haƙura, ko da yake hukuncin ya danganta da hanyarsa, da man da ya ɗauka, da filin da zai juya idan abin ya ɓaci. Ka karanta hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na filin da za ka sauka, kada ka tsaya ga na inda kake kawai.

Idan na fasa tashi, ba za a ce na ji tsoro ba?

Kwantar da hankalinka. Babu malamin kirki da zai kayar da kai domin ka ajiye jirgi saboda hazo.

A ajin G ba mai ba ni umarni, ke nan sai yadda na ga dama?

Wa ya gaya maka haka? Sharuɗɗan hange suna nan, kuma gano wani jirgi da kauce masa yana wuyanka kai kaɗai.