'Yan Lollard

Lollard suna ne da aka laƙaba wa mabiyan John Wycliffe a Ingila tun ƙarshen ƙarni na 14, mutanen da suka nemi a gyara cocin Katolika. Da farko sunan na zagi ne, ana kuma jin ya samo asali daga wata kalmar Holanci mai nufin gunaguni.

John Wycliffe

An haife shi a yankin Yorkshire, wataƙila tsakanin 1320 da 1330. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya kuma koyar a can har ya shahara a ilimin tauhidi. A 1374 aka ba shi limancin garin Lutterworth. Ya koyar cewa Littafi Mai Tsarki na gaba da maganar Fafaroma, kuma gwamnati na da ikon karɓe dukiyar coci idan malamanta suka lalace. Wannan ra'ayi ya yi wa John na Gaunt, ɗan sarki Edward na Uku, daɗi, shi ya sa ya tsaya masa lokacin da aka gurfanar da shi gaban bishop na Landan a 1377. A shekarar ce Fafaroma Gregory na 11 ya la'anci koyarwarsa.

Abin da ya fi jawo masa baƙin jini shi ne musun da ya yi cewa gurasa da ruwan inabin Jibin Ubangiji, wato ibadar tunawa da jibin ƙarshe na Almasihu, suna rikiɗewa su zama ainihin jiki da jinin Almasihu. A 1382 taron malaman coci a Blackfriars da ke Landan ya haramta batutuwa 24 daga koyarwarsa. Wycliffe ya rasu ranar 31 ga Disamba 1384. Babban taron coci na birnin Constance ya ayyana shi ɗan bidi'a a 1415, sannan a 1428 aka tone ƙasusuwansa, aka ƙona, aka watsa tokar a kogin Swift.

Fassara

Almajiransa sun fassara Littafi Mai Tsarki daga Latinanci zuwa Ingilishi domin talaka ya ji da harshensa. Masana sun saɓa kan ko shi kansa ya sa hannu a aikin. An hana fassara ba da izini ba a 1409, amma kwafi kusan 250 na fassarar tasu, na rubutun hannu, sun tsira.

Tsanantawa

A 1395 'yan Lollard suka liƙa buƙatu 12 a ƙofar zauren Westminster da ke Landan, suna sukar hana limamai aure, da ziyarar kaburburan waliyyai, da furta zunubi ga limami. Dokar 1401 ta halatta ƙona ɗan bidi'a, William Sawtrey ne aka fara ƙonawa. Bayan tawayen Sir John Oldcastle, wani jagoran 'yan Lollard, ya ci tura a 1414, sai suka koma karatu a ɓoye cikin gidajen masaƙa da sauran masu sana'a.

Tasiri

Rubuce-rubucen Wycliffe sun kai Bohemiya, a ƙasar Czech ta yanzu, inda Jan Hus, wani limami mai neman gyaran coci, ya ɗauke su.