Wai korona ce ta raba Sega da gidajen gem? Mu ɗan waiwaya baya

Tun da aka fara sauke allon Sega, kamfanin wasannin bidiyo na Japan, daga saman gidajen gem na ƙasar, wato shagunan da ake zura kwandala a inji a yi wasa, ana ɗora sabon suna GiGO a 2022, har yau musun bai mutu ba, wasu su ce korona ce ta kashe kasuwar, wasu su ce ai waya da gem na gida ne suka zaunar da yara a ɗaki. Duk akwai ƙamshin gaskiya, amma ni abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin kamar dare ɗaya abin ya faru, alhali ciwon ya daɗe a jiki, korona ta zo ta tarar da majinyaci ne kawai.

Farkon labarin kowa ya san shi. Amurkawa ne suka fara harkar a Hawayi da sunan Service Games suna kai injinan wasa sansanonin soja, suka koma Japan, a 1965 aka haɗe da kamfanin wani ɗan kasuwa Ba'amurke David Rosen ya zama Sega Enterprises. Injin wasanta na Periscope ya fito a 1966, Hang-On da UFO Catcher, injin kamun 'yar tsana da ƙugiya, a 1985, Virtua Fighter a 1993, kuɗi na shigowa ta ko'ina. To nan mutane ke tsallakewa su dira 2020.

Abin da ake mantawa shi ne kwandalar yen 100. Tun zamanin gem ɗin Space Invaders a 1978 farashin wasa ɗaya ya tsaya a kanta, ka zura ta cikin ramin injin, ka ji ƙarar faɗuwarta, wasa ya tashi. Sai a Afrilun 1989 aka kawo harajin saye da sayarwa na kashi 3 cikin ɗari. Mai shagon taliya zai iya goge allo ya ƙara yen uku, amma mai gidan gem fa? Injin bai san yen 103 ba, bai iya ba da canji ba, kwandala ɗaya ya sani ko biyu, kuma ranar da ka ce biyu yaron makaranta zai juya ya shige shagon maƙwabci. Dole mai shago ya haɗiye harajin daga cikin ɗarin nan. A 1997 ya koma kashi 5, a 2014 kashi 8, a 2019 ya kai 10, wato wajen yen tara kenan a kowane wasa sun tafi tun kafin a yi maganar kuɗin haya da wuta da albashin ma'aikata da kuɗin sabon inji, wanda shi ma kullum tsada yake ƙarawa. Daga baya an shigo da biya ta kati a wasu wuraren, amma kafa na'urar kati a kowane inji ba abin ƙaramin shago ba ne, wallahi su na fi tausayawa, irin na ƙasan bene a bakin tashar jirgin ƙasa da tsoho ɗaya ke riƙe da shi shekara talatin.

Shi ya sa gidajen da suka haura 26,000 a 1986 suka dawo wajen 4,000 a 2019, tun ba a ji sunan korona ba. Waɗanda suka rage kuma suka cika hawan ƙasa da injinan kamun 'yar tsana, don a nan kwandala ke zuba cikin daƙiƙu, ba kamar gem ɗin faɗa ba da gwani zai zauna da yen 100 ya yi ta cin mutane.

A Nuwamban 2020 Sega ta sanar da sayar wa kamfanin Genda kashi 85.1 na reshen da ke gudanar da shagunan, ragowar ta bi a Janairun 2022, Genda kuma ta sauya wa shagunan suna zuwa GiGO. Ƙera injinan kam ba ta daina ba, har yanzu UFO Catcher ɗinta na cikin shagunan GiGO ɗin.