Murfin rariyar suwimin ful a Amurka: wa doka ta kama, wa ta ƙyale?

Kwana biyun nan maganar ta yi yawa tsakanin 'yan uwa mazauna Amurka, musamman waɗanda Allah ya hore wa gida mai fili a baya suke son haƙa wurin ninkaya, irin dogon nan siriri da ake yi don motsa jiki kawai, ka je ƙarshe ka juyo ka dawo. Wani ya turo min saƙon murya wai akwai dokar tarayya da za ta sa a ci mutum tarar dala dubu ɗari in aka zo aka tarar murfin rariyar ful ɗinsa ba irin wanda gwamnati ta yarda da shi ba ne, wai har da ɗauri. Wani kuma ya ba shi amsa cewa ƙarya ne, dokar ta masu otal ce, mai gida ba ruwansa, ya sa duk murfin da ya ga dama. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya ya saki sauran, kuma wallahi maganar na biyun ce ta fi tayar min da hankali, don na farko tsoro kawai ya ba mutane, shi kuwa na biyun cewa yake a kwanta a yi barci.

Dokar da suke nufi ita ce dokar Virginia Graeme Baker, masu sana'ar suna ce mata VGB a taƙaice. Sunan wata yarinya ce 'yar shekara 7, jikar James Baker tsohon sakataren harkokin wajen Amurka. A watan Yunin 2002 ta shiga kwamin wankan ruwan ɗumi a gidan da ake wani taro, rariyar da ke ƙasa ta zuƙe ta ta manne, mahaifiyarta ta ja ta ja ta kasa, sai da maza biyu suka haɗu suka fizgo ta da ƙarfin da har murfin ya karye, amma rai ya riga ya yi halinsa. Yarinyar ta iya ruwa fa, ba rashin iyawa ba ne. Uwar ce ta yi ta zarya majalisa shekara da shekaru, har shugaba George W. Bush ya sa wa dokar hannu ranar 19 ga Disamba 2007, ta fara aiki 19 ga Disamba 2008. Hukumar CPSC, mai kula da kada kayan da ake sayar wa jama'a su cutar da su, ita aka ɗora wa tabbatar da ita.

Wanda bai taɓa sa hannu a bakin rariya inji na aiki ba ba zai gane abin da ake faɗa ba. Injin yana jan ruwa daga ƙasan ful ya kai shi matata ya dawo da shi, in rariya ɗaya ce tak kuma murfinta shimfiɗaɗɗe ne, da zarar ciki ko bayan mutum ya rufe ta duk ƙarfin injin sai ya koma kan fatarsa. Gashi kuma in ya shiga ramukan murfin sai ya murɗe ya ƙulle ta ciki, haka igiyar wando ko sarƙa, in murfin ya fita gaba ɗaya hannu ko ƙafa ne ke shigewa bututun. Akwai wanda ya fi waɗannan muni da ke samun ƙananan yara in sun zauna a kai, ba na ma son in faɗe shi.

To wa dokar ta kama? Kashi biyu ne. Kashi na farko masu ƙera murfi da masu shigo da shi da masu sayarwa: daga Disamban 2008 duk murfin rariyar ful da za a sayar a Amurka dole ya cika ma'aunin da doka ta ambata, na gida ne ko na otal. Kashi na biyu masu wuraren ninkaya na jama'a, wato na gari, na otal, na kulob, na rukunin gidajen haya, da waɗanda gwamnatin tarayya ke gudanarwa don sojoji da ma'aikatanta, su ne aka ce dole su cire tsohon murfi su sa sabo. Ful ɗin da ke bayan gidanka kai da iyalinka baya cikin wannan kashi na biyun.

Maganar tara kuwa, lambar da ake yawo da ita ba ƙagaggiya ba ce, an dai ɗora ta a kan wanda ba nasa ba. Dokar VGB ta ce saɓa mata daidai yake da saɓa wa babbar dokar kare masu sayen kaya, ita kuma wannan a 2008 aka ɗaga tararta zuwa dala 100,000 kan kowane laifi ɗaya, iyakarta dala miliyan 15 in laifukan a jere suke, daga baya saboda tsadar rayuwa aka ƙara, a 2022 ta koma dala 120,000 da miliyan 17.15. Wanda ya saɓa da gangan yana sane kuma zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Amma wa ake nufi? Kamfanin da ya ƙera murfin banza, ɗan kasuwar da ya shigo da shi, mai otal da ya bar baƙi suna wanka a kan tsohon murfi. Babu ma'aikacin tarayya da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce zai leƙa ƙasan ruwanka, dokar ba ta ba da wannan ba. Wanda ya gaji tsohon ful a gidan da ya saya ma dokar tarayya ba ta tilasta masa canza komai ba.

Sai dai kar wannan ya sa a ce shikenan. Wanda zai gina sabo yanzu sai ya nemi izinin gini a ƙaramar hukumarsa, kuma jihohi da garuruwa da yawa sun ɗauki ƙa'idar gina wuraren ninkaya da ta haɗa har da na gida, tana maganar rariya, tana maganar shinge da ƙofa mai rufe kanta. Mai duba gini in ya zo ya ga ba daidai ba ba zai sa hannu ba, kuma nan ne asarar take, don gyaran bututu bayan an zuba kankare fasa ƙasa ne. A 2007 ɗin da aka sa wa dokar hannu, wani yaro ɗan shekara 6 a jihar Konetikat ya rasu a ful ɗin gidansu, hannunsa ya maƙale a bututun da murfinsa ya fita, daga baya aka gurfanar da shugaban kamfanin da ya gina ful ɗin a ƙarƙashin dokar jiha, ya kuma amsa laifin sakacin da ya jawo asarar rai. A gida abin ya faru, ba a otal ba.

Ni dai a nan nake ganin dokar ta gaza. Yarinyar da aka sa wa dokar sunanta a gidan mutane ta rasu, amma da aka zo rubutawa sai aka tilasta wa wuraren jama'a aka bar gidaje da zaɓi, abin da aka yi kawai shi ne ware kuɗin tallafi don a kwaɗaitar da jihohi su yi nasu dokokin. Na fahimci dalilin, tarayya ba ta da ma'aikatan da za su bi gidaje miliyoyi, kuma harkar gini a Amurka ta jihohi ce tun asali. Amma injin da ke bayan gida bai fi na otal tausayi ba, gidan ma ba shi da mai gadin ruwa a zaune.

Yanzu ga sashen da ya fi rikita mutane, har da wasu 'yan kwangilar. Dokar ta ce wurin ninkaya na jama'a da ke da rariya ɗaya tak, sabon murfi kaɗai bai isa ba, sai an ƙara masa kariya ta biyu, misali na'urar da ke jin an toshe rariya ta saki iska ko ta kashe inji, ko bututun shan iska da ke rage ƙarfin zuƙa, ko tsarin da ruwa ke gangarawa wani tanki da kansa inji ya ja daga can, ko kuma a kashe rariyar gaba ɗaya. Sai ta yi togiya, ta ce ban da rariyar da jikin mutum ba zai iya toshewa ba. Wannan togiyar ita ta jawo rigima. Ma'aunin da ake gwaji da shi inci 18 ne da inci 23, kamar faɗin bayan babban mutum, in rariya ta fi ƙarfin a rufe ta da wannan to ta shiga togiya. Sai kamfanoni suka fara sayar da ƙaton murfi a ɗora kan ƙaramin rami a ce ai ta zama wadda ba a iya toshewa. A 2010 CPSC ta ce ta yarda da haka, a watan Satumban 2011 kuma ta janye, ta ce a'a, murfi na iya fita ko ya karye, in ya fita ƙaramin ramin nan yana nan yana jira. Har yau za ka ji mai kaya yana tallar murfinsa da waccan tsohuwar fassarar. In ɗan kwangila ya ce maka rariya ɗaya ta isa tunda murfin babba ne, ka tambaye shi girman ramin da ke ƙarƙashinsa.

Mai gina sabo shi ya fi kowa sa'a don komai a takarda yake tukuna. Abin da aka fi yi yanzu shi ne rariya biyu a kan bututu ɗaya, tsakaninsu aƙalla ƙafa 3, yadda jiki ɗaya ba zai rufe su tare ba, in an toshe ɗaya inji ya ja ta ɗayar. Wasu ma ba sa sa rariyar ƙasa kwata-kwata, mashigar ruwa ta sama da ke kwashe ganye ita ke aikin, kuma yana yi in an tsara shi da kyau. Masu dogon ful na motsa jiki akwai abin da nake so su lura da shi musamman: in filin bai kai ba mutane kan sa injin da ke turo ruwa da ƙarfi ka yi ta iyo a wuri ɗaya, to ruwan da yake turowa daga wani wuri yake jansa, kuma mashigarsa a bango take daidai inda mai iyo yake wucewa. Ita ma murfinta sai ya zama mai cika ma'auni, kar hankali ya tafi ƙasa a manta bango.

Murfin kansa ka riƙe shi a hannu ka karanta kafin a ɗaura. A jikinsa a rubuce za ka ga ma'aunin da ya cika, da galan nawa na ruwa a minti aka yarda ya ɗauka, da ko na ƙasa ne ko na bango don lambar kan bambanta, da kuma shekarun da zai yi, wani 5 wani 7. Lambar galan ɗin ita ce ake tsallakewa. Murfi mai kyau in aka haɗa shi da injin da ya fi ƙarfinsa ya tashi daga mai kyau, ruwa zai riƙa shiga ramukansa da gudun da zai ja gashi. In rariya biyu ce kowane murfi shi kaɗai ya iya ɗaukar duk abin da injin zai ja, don ranar da aka toshe ɗaya ɗayan ne zai ɗauki nauyin duka. A watan Mayun 2011 sai da aka janye murafe kusan miliyan ɗaya daga kasuwa saboda lambar galan da aka rubuta a jikinsu ta wuce gaskiyar abin da za su iya, kenan abin ba wasa ba ne ko a wajen hukuma.

Akwai kuma wata doka daban da ake cakuɗawa da wannan, ta ma'aikatar makamashi, da ta fara aiki 19 ga Yuli 2021 kan wutar da injinan ful ke ci. Ita ce ta sa yawancin manyan injinan da ake sayarwa yanzu masu canza gudu ne. Ita ma kan masu ƙerawa take, ba ta ce ka jefar da tsohon injinka ba. Inda ta shafi maganarmu shi ne, irin wannan injin yawanci a hankali ake barinsa yana aiki, sai mutum ya zaɓi murfi da lissafin wannan ƙaramin gudun, alhali watarana wani zai danna shi zuwa ƙarshe. Da gudun ƙarshen ake lissafi.

Na taɓa tsayawa bakin wani ful na gida ruwan garau kamar gilashi, ina hango murfin a ƙasa ya yi fari fat saboda rana da sinadarin kulorin, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga, kusa ɗaya ce ta rage tana riƙe da shi, yara uku kuma suna ta nutso suna taɓo shi don gasar wa zai riga. Mai gidan mutumin kirki ne, bai ma san murfi na da wa'adi ba. Muka kashe inji muka fito da yaran. Robar in ta tsufa da yatsa ma sai ka ɓalle ta, kuma ba kowace kusa ake ɗaura shi da ita ba, sai tasa da ta zo a cikin kwalinsa wadda ba ta tsatsa.

In murfi ya tsage ko ya fita, ba a shiga ruwan sai an gyara, ko da na awa ɗaya ne. Makunnin kashe inji kuma a sa shi inda ido ke gani daga bakin ruwa, kowa a gidan ya san shi har da yaran da suka yi wayo da mai zuwa raino. In Allah ya kiyaye wani ya manne, inji ake fara kashewa, kuma ba a jan mutum sama kai tsaye, hannu ake cusawa tsakanin jikinsa da murfin a karya zuƙar sannan a mirgino shi gefe. Ranar da aka ɗaura murfin kuma ka sa ɗan kwangilar ya rubuta maka ita da lambar murfin a takarda, ka manna a bangon ɗakin inji, don shekara bakwai in ta zo ba wanda zai tuna.